Sunan da Ban Kira Ba

Da ana mayar da rana baya, kalma ɗaya zan gyara. Shekara talatin da takwas ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar. "Kai" nake ce masa.

Ranar Talata ce, muna cire albasa a fadamar ƙauyenmu, kusa da Taloka. Mun sha kunu bayan asuba. Shi yana ɗura buhuna, ni ina yanke ganye. Wajen ƙarfe tara muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Sai harbi daga bakin kasuwa.

"Ku yi gulbi!" wani ya yi ihu.

Kowa ya yar da abin hannunsa. Shi kuwa ya nufi gari, don matarsa da 'ya'yansa. Ni na riga na hango su can gaba cikin masu gudu, goyo a bayanta. Shi bai gani ba. Na buɗe baki na ce, "Kai! Kai!" A ranar nan kowa kai ne. Bai waiwayo ba. Ya shige bayan rumbuna. Harbi uku na ƙirga.

Muka ratsa gulbi, ruwa iya ƙirji. Da la'asar muka shiga Goronyo, ba takalmi.

Wata bakwai, da na rufe ido sai in ga bayan rigarsa. 'Yata Saratu ta kai ni wurin wata ma'aikaciyar lafiya mai duba 'yan gudun hijira. Ma'aikaciyar ta ce in riƙe abin da na gani a zuciya, in bi yatsunta biyu da ido, dama, hagu, dama, hagu.

Na ce mata, "Ɗiyata, mi yatsa ka yi ma wanda ya mutu?"

Ta ce, "Baba, ba shi ni ka yi ma magani ba."

A zama na huɗu ta tsayar da hannu, ta tambayi abin da ya zo mini. Sai na ji bakina ya ce, "Umaru!" Da ƙarfi, har Saratu ta shigo daga waje da gudu.

Yanzu ina samun barci. Rigar tana nan, amma ta yi nisa. Ba mu samu gawarsa ba. Ya bar 'ya'ya huɗu, ƙaramar ba ta san fuskarsa ba.

Wanda ya karanta wannan, in yana da ɗan fari, don Allah ya kira shi da sunansa yau, tun ana zaune lafiya, bakinsa ya saba.