Kalandar Baba Elias

Baba Elias tela ne. Shekara arba'in yana taka keken ɗinki a unguwar Herwagana kafin idanunsa su gaji. Gidan da yake ciki shi ya gina shi, ɗaki uku da baranda, kuma a bangon barandar aka kafa katawut na farin tangaran, inda wayar wuta take shigowa daga falwaya. Tun rasuwar matarsa, 'yarsa Janet take so ya koma wurinta a unguwar Hammadu Kafi. Hujja kawai take nema, shi ma ya sani.

Da damina ta kankama, katawut ɗin ya fara yoyo. In an yi ruwan sama sai ruwa mai tsatsa ya gangaro ta ƙasansa ya zana layi a bango, wani lokaci har da 'yar ƙara kamar ana soya ƙwai. Baba Elias ya ɗauko kalandar coci ya rataye a kan tabon. Maƙwabcinsa Malam Bawa, Bakatsine, mai gyaran wuta ne, amininsa na shekara talatin, amma bai kira shi ba. Ya ce wa kansa ba ya son ɗora wa mutum wahala. Gaskiyar ita ce bakin Bawa ba ya riƙe magana, abin da ya gani da hantsi, kafin azahar ya isa Hammadu Kafi.

Ran wata Lahadi Janet ta kawo masa abinci bayan an tashi coci, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Ta dafa bango za ta cire takalmi, wuta ta fizge ta. Ta ɗaga kalandar da bakin lema, ta ga tabon.

"Baba, tun yaushe?"

"Kwana biyu."

"Kwana biyu, kalanda har ta ruɓe? Gidan nan ya tsufa. Yau za ka bi ni."

"Kira mini Bawa tukuna," in ji shi, ya gyara zama a kujerarsa.

Bawa ya zo ya tsaya nesa da bangon, ya dubi katawut, ya dubi amininsa. "Tela, da kalanda kake gyaran wuta yanzu? Ai da ka ɗinka masa riga."

"Bakatsine, bar surutu. Ɗaga kai ka duba sama."

Bawa ya ɗaga kai ya duba. Sannan ya nuna wa Janet wayar. A da, in ji shi, tana da lanƙwasa kafin ta shiga gida, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa. Yanzu an ja ta ta miƙe sambal, ruwa yana bin ta har cikin katawut. Ya tambaya wa ya taɓa ta.

Janet ce ta turo masu sa sabon kwanon rufi da rani, duk da Baba ya ce tsohon bai yi komai ba.

"Kin ji," in ji Baba Elias. "Gidana lafiyarsa ƙalau. Sabon abu ne ya kawo ciwo."

"Ka sani kenan, ka yi shiru?"

"Da na faɗa, da kin ji kunya. Da na ƙi faɗa, ga shi kin ji wuta. Wannan laifina ne, 'yata, na karɓa."

Washegari ma'aikatan wuta suka yanke layin daga falwaya, Bawa ya sa sabon katawut ya mayar wa waya lanƙwasarta. Janet ta kafa sharaɗi: Baba zai zauna, amma Malam Bawa zai riƙa leƙowa yana ba ta labari.

"Wannan aikin ai tuntuni yake yin sa ba a sa shi ba," in ji Baba Elias.

Tabon yana nan a bango. Ya hana a shafa masa fenti.