Tafiyata Kano Domin Buɗe Jijiyar Ƙoda, da Rakiyar da Ban Nema Ba

Daga Rawayau

Ranar Talata, ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, na hau bayan babur ɗin ɗana Kabiru muka bar Rawayau. Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan'uwa da abokan arziki, kowa ya karanta ya huta da tambaya, ni ma in huta da amsa, gama labarin ya sha ƙari a bakin mutane har ina neman kasa gane kaina a cikinsa.

Ga asalin maganar. Na daɗe ina fama da hawan jini. Aka ba ni magani iri ɗaya, aka ƙara na biyu, aka ƙara na uku, jini ya ƙi sauka. Na bar gishiri, na bar kilishi, har goro na bari, wanda ban zaci zan rabu da shi ba sai a bakin kushewa. Daga bisani likitanmu na Dutsin-Ma ya tura ni Kano aka ɗauki hoto, aka gano jijiyar da ke kai wa ƙodata ta hagu jini ta tsuke. Ya ce ita ƙoda in jini bai ishe ta ba, sai ta zaci jiki duka ne ya rasa, ta yi ta sa jini yana hawa. Ga shi kuma ta fara ƙanƙancewa. Aka ce in isa asibitin Kano ranar Talata kafin la'asar a ba ni gado, Laraba a yi aiki, domin ƙwararren da ke yin sa baƙo ne, yana gamawa zai koma, ba a san ranar dawowarsa ba. In na makara, ƙodar ba za ta jira ni ba.

Kurfi

A Kurfi muka ajiye babur, inda motar da muka yi shata take jiranmu. Ina buɗe ƙofa sai ga yayata, Hajiya Rabi, zaune a baya, da tabarma da ƙunshin kaya a cinya.

Na ce, "Yaya, ina zuwa haka?"

Ta ce, "Inda za ka, Auta. Shigo ka rufe ƙofa, sanyi."

Mutumin da furfura ta gama cinye gemunsa, wanda ake aikowa a ɗauka ya raba gardamar iyakar gona, shi ake kira Auta a gaban direba. Na haɗiye fushina, na shiga.

Ba mu fita gari ba ta ce wa direban, Ɗanlami, ya tsaya ƙofar gidan marigayi kawunmu. Ta shiga ta daɗe. Daga cikin mota ina jiyo ana cewa, "A yafe juna, a yafe juna," har da koke-koke. Da ta fito na ce, "Yaya, ni fa ban mutu ba. Likita ya ce aikin ko yanka babu."

Ta ce, "Haka suke faɗa wa kowa. Ɗanlami, ja mu je."

Dutsin-Ma

Hantsi ya ɗaga muka shiga Dutsin-Ma, alhali ya kamata a ce mun wuce ta tun rana ba ta yi zafi ba. Nan ma sai da aka zaga gidaje. Har gidan wata Hajiya Tabawa aka tsaya, wadda suka yi shekaru ba sa ga-maciji da Yaya saboda akuyar da ta ci mata shuka. Na aika Kabiru ya kira Yaya, ya dawo shi kaɗai yana sosa ƙeya.

"Baba, Gwaggo ta ce zumunta a ƙafa take."

"Koma ka gaya mata asibitin ma a ƙafa yake, ba shi zai zo ya same mu ba!"

Ɗanlami ya kwashe da dariya, ya ce, "Baba Alhaji, a yi haƙuri, kada jinin ya hau kafin mu kai shi wurin gyara." Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Aka miƙa wa Yaya, ta kau da kai, ta ce ba ta ci. Na ɗauka fushi ne, na bar ta da abinta.

Hanyar Kankiya

A wani shinge jami'an tsaro suka ce a kwance kaya. Ɗaya daga cikinsu ya warware ƙunshin Yaya, sai ga farin ƙyalle sabo, a naɗe, da turare a cikinsa. Likkafani. Jami'in ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya sassauta murya ya ce, "Allah Ya ba da lafiya, Baba. Ku wuce."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Yaya, har da likkafani? Ai da sai ki taho da masu haƙa, a gama komai a hanya, a huta da kuɗin mota!"

Ta naɗe abinta a natse, ta ce, "Tun kana goyo kake da baki."

Bayan Kankiya taya ta yi faci. Muka yi azahar a gindin wata bishiyar bedi, ina sallah zuciyata na kan rana, Allah Ya gafarta mini. Kano kuwa ta tarbe mu da cunkoson da ta saba. Ana kiran la'asar muka shiga ƙofar asibiti, Kabiru ya ruga da takarduna. Ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, yanzu nake shirin ba wani gadonka." Na juya in ga ko Yaya ta ji. Tana can tana shimfiɗa tabarma.

Kano

Da yamma ƙwararren likitan ya zo yi mini bayani. Bai kai ga zama ba Yaya ta miƙe ta tari gabansa.

"Likita, ni ina nawa gadon?"

"Hajiya, ke ma ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau, shi ya sa na zo. An ce ƙodarsa ta lalace. Ni biyu gare ni, me tsohuwa za ta yi da biyu? Tun jiya ban ci komai ba, na ji an ce wanda za a yanka ba ya ci. Na sallami kowa, na taho da kayana. A cire ta dama, ta fi ƙarfi."

Ashe duk yafiyar nan da aka yi ta nema tun daga Kurfi ba tawa ba ce, farin ƙyallen ma ba nawa ba ne.

Likita, Allah Ya yi masa albarka, ya zaunar da ita ya ce ba za a cire komai ba, ba za a dasa komai ba. Hanya ce ta toshe, za a buɗe. Za a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har ya kai inda ta tsuke, a hura ɗan balan-balan da ke bakinsa ya buɗa wurin, a bar wata 'yar raga ta ƙarfe ta tokare shi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wato ka raina tawa." Sai da Kabiru ya roƙe ta kafin ta karɓi shayi da burodi.

Laraba da safe aka yi aikin, idona biyu. Allura aka yi mini wurin ya mutu, ban ji komai ba sai ɗan ɗumi lokacin da suka tura ruwan da ke nuna jijiya a hoto. Wahalar tana baya: aka ce in kwanta a miƙe, kada in lanƙwasa ƙafar har yamma, domin kada wurin ya ɓalle da jini. Azahar da la'asar da ishara na yi su. Yaya ta ja kujera ta dafe gwiwata da hannu biyu, in na motsa ta ce, "Kwanta, Auta," a gaban ma'aikata da majinyata da masu dubiya.

Komawa gida

Juma'a da safe aka sallame mu. Likita ya gargaɗe ni kada in hau babur ko in ɗauki kaya mai nauyi na ɗan lokaci, kada kuma in kuskura in bar magani, gama wani jininsa kan sauka bayan aikin, wani kuwa sai dai a tsirar da ƙodar. Ɗanlami ya kai mu har ƙofar gida a Rawayau kafin magariba, yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na koma awo Dutsin-Ma bayan makonni, aka ce jini ya sauka, ƙoda na samun rabonta, aka rage mini ƙwaya ɗaya. Goro dai har yau ba a dawo mini da shi ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, sa'an nan ga likitoci da ma'aikatan jinya, da Kabiru, da Ɗanlami duk da tsawon bakinsa. Saura mutum ɗaya. Na shirya kalmomi masu nauyi, na sa babbar riga, na tafi Kurfi na durƙusa a ƙofar ɗakin Yaya. Ban kai ga kalma ta biyu ba ta katse ni.

"Tashi, kada ka ɓata aikin mutane. Tawa dai tana nan, na ajiye maka. In ta sake yi maka gardama, ni za ka fara gaya wa, ba likita ba."

Na yi magana gaban alƙali, na yi gaban hakimi, ban taɓa rasa amsa ba. Ran nan na ce, "To, Yaya."