Jirgin da ba ya dako

Shekara talatin ina dako da kwale-kwale a kan Kwara, daga Bagudo zuwa kasuwar Dole Kaina: albasa, shinkafa, awaki, kai har babur. Duk tsawon lokacin abu guda ne a raina, wani ƙaramin jirgin gudu fari mai ratsin shuɗi da ya taɓa wuce ni ina saurayi, igiyar ruwansa ta kusa kifar min da kaya. Na zage shi, amma wallahi ban daina kallonsa ba sai da ya ɓace.

Da ƙarfina ya ja baya na sayar da kwale-kwalen, sai na tarar da irin jirgin gudun nan a yashe bayan wata tsohuwar ma'aikata, kaji na ƙwai a ciki. Jirgin faiba ne, ba katako ba, ba ƙarfe ba. Na saye shi, aka jawo min shi gida a amalanken shanu. Da tsaga a gindinsa kamar tsawon tafin hannu.

Yayana shi ne babban gidanmu, kuma kafintan jirage ne da ba a ja da shi. Ya zagaya jirgin ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Wanga kwano buhu nawa zai ɗauka?"

Na ce, "Ko ɗaya, Yaya. Ni zai ɗauka."

Ya ce tsufa ya zo min da gardama.

Ana nan na tafi ta'aziyya Zagga, kwana huɗu. Ina dawowa ban ga jirgi ba. Ashe Yaya ne ya ce bari ya taimake ni. Ya yi masa abin da ake yi wa kowane kwale-kwale: ya cusa tsumma a tsagar, ya shafe da kwalta, ya rufe da gwangwani, ya bi da ƙusoshi. Sannan ya nutsar da shi a bakin gulbi wai ya sha ruwa ya kumbura, tsagar ta haɗe. Haba! Faiba ce za ta kumbura? Kowace ƙusa ta buɗe tata tsagar, wani soso da aka cika ƙasan jirgin da shi ya ƙoshi da ruwa.

Ranar na yi wa yayana tsawa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ji kunya daga baya, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Yaya ya yanke hukunci: a ba wani Bafulatani maƙwabcinmu ya yi kwamin shayar da shanu, a huta da abin magana. Na ce ko da gawata shanu ba za su sha ruwa a cikinsa ba. Na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na kife shi a rana wata guda. Na ƙetara Benin wurin wani makaniki, ya nuna min gam ɗin da ake liƙe shi da wani ƙyalle mai kamar gashin gilashi. Hannuwana suka yi ta ƙaiƙayi, matata ta hana ni shiga ɗaki da kayan aiki saboda wari. A majalisa kuwa sunana ya koma mai kwano. Su faɗa, baki nasu ne.

Ranar da na ɗaura masa inji na tura shi ruwa, hantsi ya dubi ludayi, sai ga Yaya da buhun albasa biyu. Ya sassauta murya ya ce, "Ƙanena, ɗauki ko waɗanga ka kai Dole Kaina. Kada a ce ɗan gidanmu na ƙona mai a banza kamar mahaukaci."

Na san rufin asiri yake nema min, kuma ya ba ni tausayi. Na ce, "Yaya, na gode. Bar su nan."

Ya ce, "To ina za ka?"

Na ce, "Ba ko'ina."

Na ja igiya, inji ya tashi, hancin jirgin ya ɗaga sama. Babu buhun da zan tsare, babu mai kayan da zai ce in yi a hankali. Na ga farin yashi, na ga balbelu a kan tsibiri, na ji ina dariya ni kaɗai hawaye na zuba. Tun ina yaro nake kan ruwan nan, amma sai ranar na ɗaga kai na dube shi.