Malam Abbagana da Garin da Aka Raba Uku

Shekara talatin da biyar Malam Abbagana bai karya kumallo a gidansa na Nguru ranar aiki ba. Yana idar da sallar asuba zai naɗe littafinsa a leda, ya soke fensir a hula, ya hau tsohon babur ɗinsa. Inda hanya ta ƙare ya shiga kwale-kwale. Inda ciyawar kachalla ta toshe ruwa ya naɗe wando ya taka da ƙafa. A takarda, aikinsa zana wa masu rigakafi hanyar da za su bi a ƙauyukan da ke tsakanin Nguru da Gashua. Shi kuwa ya ɗora wa kansa cewa ba za a bar ko bukka ɗaya babu suna ba. Watan jiya ya yi ritaya, ba taro, ba jawabi. To, ni zan yi magana, domin ba don shi ba da ban san baƙi ko ɗaya na boko ba.

Garinmu yana kan tudu a tsakiyar fadama, ba nisa da Dagona. Masunta suna kiransa Tungar Goruba, Fulani su ce Wuro Gelle, Barebari kuma Kolori. Gari ɗaya ne, rijiya ɗaya. Ina shekara shida wasu jami'ai suka zo daga birni suna tantance inda za a gina firamare. A bakin ruwa aka faɗa musu suna ɗaya, a wajen shanu wani, a gonakin shinkafa wani. Suka rubuta mu wuri uku, kowanne ɗan mitsitsi. Da suka ga tunga da wuro a cikin sunayen, wato zango da ruga, sai suka jefa mu layin mazauna wucin gadi. Masu wucin gadi kuwa, in ji su, ba a gina musu aji.

Babana yana wurin ranar da Malam ya kawo labarin. Arɗo Hamajoɗa, shugaban Fulaninmu, ya tare shi da wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare.

"Bawana, yau kuma kaji ka zo ƙirga mana?"

"Arɗo, ku aka ƙirga. An ce gobe za ku naɗe tabarma ku bi shanu."

"Ni? Ni da ko masallaci sai da sanda!"

Kowa ya yi dariya ban da Malam. Ya ce, "Ina kuke binne mamatanku?"

Suka kai shi. Maƙabarta ɗaya ce, ƙarƙashin goruba. Kwana uku yana bin dattawa kabari bayan kabari: wannan na wane ne, ɗan wane, wace shekara? Ya rubuta suna sama da ɗari uku, masunci kusa da makiyayi, makiyayi kusa da manomi, har da kakan Arɗo.

Sau goma sha ɗaya ya kai wannan littafin ofishin jami'an nan cikin shekara biyu. Aka ce maigida ba ya nan. Aka ce ina ruwan ma'aikacin lafiya da makaranta. Wata damina kwale-kwale ya kife da shi, masuntanmu suka gan shi ruwa iya wuya, littafin yana sama a hannu. A zuwa na ƙarshe babbansu ya yarda ya buɗe. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda zai tashi gobe ba ya jera iyayensa a wuri ɗaya shekara tamanin." Aka soke layi uku, aka rubuta ɗaya. Aji biyu aka gina mana. Na shiga ina shekara tara, na fi kowa tsawo a aji, ban kuma damu ba.

Baba Abbagana, kai ne ka sa matattunmu suka yi wa rayayyunmu shaida. Mai ƙafar da ba ta tambayar nisa! Har yau in na tuna mutum ɗaya da fensir ya mayar da gari gari, sai in yi maka addu'a.

A jami'a a Gashua wata ta nemi sunan garinmu a wayarta ba ta samu ba, ta ce ko daga cikin ruwa na fito. Ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "Wayarki ce ba ta je ba. Mu muna nan tun kafin a haifi kakarki."

Na je Nguru na karanta wa Malam wannan rubutun, domin idonsa ya fara rauni. Ya saurara, sannan ya ce, "Raliya, yabon ya isa haka. Ɗauki biro." Ya jero mini ƙauyuka goma sha bakwai da ka, waɗanda har yau suke layin wucin gadi, yaransu ba aji.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da Aljanna. Ku kuma 'yan'uwana da muka yi karatu, duk wanda aka ba wa takarda ya cike a kan mutane, ya sauka daga mota ya tambaye su sau biyu. Ni dai na rubuta sha bakwai ɗin nan duka. Ranar Asabar zan je ƙauyen farko.