Ɗinkin Bahago a Bakin Iyakar Jibiya

Muna idar da sallar asuba muka bar Katsina, mu uku a gaban akori-kura: ni da direba da babban mai waldan shagona. A baya garmunan shanu ne goma sha biyu, za mu kai wa dillalinmu na Jibiya kafin ruwa ya sauka.

Ba don sauke kaya na ɗauko mai waldan ba. Shekararsa tara a wurina, bahago ne, magana sai ta kama, kuma ranar Juma'a ya ce mini ƙarshen wata zai koma wani kamfanin gina hanya a Kaduna. Tun da kuɗin man fetur ya buɗe, ƙafar kowa ƙaiƙayi take yi. Na yi masa tayin ƙari, ya ce ba kuɗi ba ne, ya gaji da liƙa ƙarfen da bai san inda za shi ba. Hankalina ya tashi, don in ya tafi shagon ya durƙushe. Na ce ya zo ko iska ya sha.

Hanya lafiya lau, ban da manyan motocin siminti da suka so tura mu gonar mutane. Duk saurayin da muka wuce a keke, rediyo na rataye a wuyansa. A Jibiya muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba, da na yi ƙorafi mai tuyar ta ce in kai ƙara wurin masu man fetur. Na sayi burodin Nijar, dogon nan, wanda direba ya rantse don korar awaki aka yi shi.

Dillali ya wuce da mu bakin iyaka, inda manoman wajen Maraɗi ke jira da amalanken jakuna, ga jandarma, ɗan sandan Nijar, can yana hamma a inuwa. Muna sauke kaya na ga abin mamaki: ba wanda ya fara da tambayar kuɗi. Kowa sai ya kifar da garma, ya bi waldar da babban yatsa. Suka ware takwas, suka bar huɗu. Huɗun nan sauran ma'aikatana ne suka yi su.

Na tambayi wani tsoho dalili. Ya ce, "Alhaji, mu ɗunkin bahago muka biɗa. Ka ga wanga da ya karkata hagu? Shi ba ya ɓallewa ko an ci karo da saiwa."

Na nuna masa mutumin da ke gefe yana fama da burodi, na ce ga bahagon nan.

Tsohon ya kama hannunsa na hagu da hannu biyu, yana juya shi, yana duban tabon wuta. Ya ce, "Ashe mutum na. Mu mun aza inji na." Ya ba shi labarin shekarar da ta biyo fari, shanu sun ƙare, suka samu aron bijimai na 'yan kwanaki, garma ɗaya ta yi wa gida bakwai huɗa. Da ta karye, da ba su ci tuwo ba a bara waccan. Aka kira wannan, aka kira wancan, mai fura ta cika masa ƙwarya ta ƙi karɓar ko kwabo. Sai kuma ƙorafi ya biyo: garmar ta yi wa ramammun shanu nauyi, hannunta ya yi tsawo. Mutumina ya tsuguna yana zane a ƙasa, yana musu, yana dariya har azahar. Wallahi sai ranar na san yana da wushirya, kuma daɗi ya kama ni.

Muka mayar da huɗun mota muka juyo. Tafe nake ina jin kunya: shekara tara ina biyansa albashi, ban taɓa kai shi ya ga masu cin tuwo da aikin hannunsa ba. Na ce a raina, daga yau duk kai kaya, ma'aikaci ɗaya zai shiga gaban mota.

Muna shiga Katsina mai waldan ya ce, "Alhaji, a bar mini huɗun nan, gobe zan zaunar da sauran ma'aikata in nuna musu hannun."

Na ce Kaduna fa?

Ya ce, "Ruwa ya kusa, mutane na jira."