Babur a Cikin Kwanuka

Kowa a ƙauyenmu na kusa da garin Kochkor "babur ɗin Saginbek" yake cewa. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma da mu aka yi ta yin ta shekara da shekaru. Saginbek, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai daɗin zama, ya iya waƙa, ya iya kiwo, amma ka miƙa masa sifana sai ya riƙe ta kamar an ba shi jariri. Hawa kawai ya iya. Mai babur ita ce matarsa, Burul.

Ita ta gano shi bayan rushewar gonar gwamnati, a yashe a bayan gidan wani tsoho. Irin mai ƙafa uku ɗin nan ne na zamanin Sobiyet, mai kwandon ƙarfe a gefe don fasinja, kaji har sun mayar da kwandon wurin saka ƙwai. Da shimfiɗar ulu ɗaya da ta ɗinka da hannunta ta karɓo shi, tsohon yana murna ya cuce ta. Bai san 'yar direban tarakta ce ba, a cikin baƙin mai ta tashi.

Duk lokacin sanyi sai ta sauke injin ta shigo da shi ɗaki, ta baje shi a kan buhu kusa da murhu. Gaskit ɗin toshe yoyon injin daga kwalin shayi take yankawa. Abin da babu a kasuwa, ta je juji ta tono, ta goge, ta sassaƙe har ya zauna. In sun isa kasuwa maza su kewaye su suna cewa, "Kai Saginbek, hannunka akwai albarka!" Shi kuma ya shafa gemu, ya saci kallonta. Ba ta taɓa tona masa asiri ba. Tana son mutumin nan, kuma a gida ya san wa yake gode wa.

Da ya rasu ta sa baƙaƙen kaya, ta zauna gida shekarar makoki yadda aka saba. Babur yana rumfa, tana tayar da shi lokaci-lokaci kada tsatsa ta cinye shi. Burinta ɗaya ne: ta fita makoki, ta ci gaba da kai busasshen cuku da kindirmo bakin babban titi, ta ci da kanta. Titin da nisa, ba a zuwa da kaya a ƙafa. In babu babur, sai dai ta rufe gidanta ta koma ƙarƙashin dangin miji tana jiran a sam mata.

Sai ga sadakar shekara ta matso. A wurinmu ba a cika wa magidanci shekara sai an yanka doki, Saginbek kuwa bai bar doki ba. Yayansa Toktosun ya zo ya zauna a wurin zaman manya, Burul ta zuba shayi ta miƙa masa.

"Kelin," ya ce, yadda ake kiran matar ƙani, "na samo mai sayen babur ɗin ƙanina. Kuɗin zai kawo doki. Jibi zai zo."

"Ake," ta ce, yadda ake kiran babban wa, "da shi zan nemi abinci."

"Mace a kan babur? So kike a yi da mu a gari? Abinci kuma, mu mun mutu ne? Kayan namiji na dangin namiji ne. Ba za a ce mun sallami Saginbek da naman rago kamar maraya ba."

Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa furta sunan mutumin nan ba, balle ta yi musu da shi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Ake." Amma zuciyarta tafasa take yi. Yana fita ta danna sakata, ta naɗe hannun riga.

Ranar da mai saye ya zo, wani ɗan garin Naryn mai haƙorin zinare, tare da Toktosun da 'yan ganin ƙwaƙwaf, sai suka yi turus a bakin tsakar gida. Babu babur. Ga tanki jingine da bango, ga tayoyi a jere, ga ƙashin jikinsa tsirara kamar an feɗe akuya. Fistin a kwanon miya, ringi a kofin shayi, haƙoran giya a tukunyar nama, notuna a bokitin tatsa. Ba ta lalata ko ɗaya ba, ba ta ɓoye ko ɗaya ba, kowanne an wanke shi tas.

"Kelin! Mene ne haka?" Toktosun ya daka tsawa.

"Babur ɗin ƙaninku ne, Ake. Na wanke wa baƙo."

Mai saye ya tsuguna, ya ɗauki wani ƙarfe ya jujjuya. "Wannan ai na tarakta ne." Ya ɗauki wani. "Wannan na injin ban ruwa. Dattijo, ko bakaniken birni ba zai mayar da wannan ba, sai wanda ya ƙulla shi. A haka sai dai in saya a kilo, kuma ko jaki ba zai kawo muku ba."

Jijiyoyin wuyan Toktosun suka tashi. "Ki haɗa shi yanzun nan!"

"Ni, Ake? Ina mace ina babur? Shekara nawa kuna cewa hannun ƙaninku ne? Ku je ku taso shi ya haɗa muku."

Maganar ta yi nauyi, ita ma ta ji nauyinta, don muryarta ta karye a ƙarshe. Amma ba ta janye ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

Da ragunanta aka yi sadaka. An ci, an yi addu'a, an yi gulma son rai. Wasu dangin mijin ko shayi ba su tsaya sha ba. Wata tsohuwa ta faɗa a gabanta cewa Saginbek ya tafi a ƙasa, babu doki, kamar wanda ba shi da kowa. Wannan kam ta soke ta. Ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta, ta dawo ta ci gaba da raba burodi.

Da aka cire mata baƙaƙen kaya, ta zauna ta mayar da kowane ƙarfe mazauninsa. Ta buga kik, ya yi tari, ya kama. Da rana tsaka ta fito a kan sirdin da ba ta taɓa hawa a gaban mutane ba, ta ratsa tsakiyar gari, ta bi ta ƙofar Toktosun ba ta rage wuta ba.

A kwanar dama ta bayan gari tayar kwando ta ɗaga sama, babur ya nemi kifewa da ita. Ta tsaya. Ta duba taya, ta duba noti, komai lafiya lau. Sai can ta gane. Duk shekarun nan Saginbek yana tuƙi, ita tana cikin kwando, nauyinta ne ke danne gefen nan, yau kuwa babu kowa a ciki sai buhun cuku. Ta daɗe tana kallon kwandon. Sannan ta gangara bakin rafi ta kwaso duwatsu ta jera a wurin, ta share ido da bayan hannu, ta hau ta nufi titi.