Manyi Sonna da Ƙundun Zakara

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can saman tudun Dschang, in ka ce masa Kirsimeti, kafin ya tuna coci sai ya tuna hayaƙin gidan Manyi Sonna, Allah ya ba ta hutawa. 'Yar gajeruwar mace ce, in ta ɗauko kwandon gwaza daga gona sai ka rantse kwandon ne ke tafiya da ƙafarsa. Amma murya kam, ta mutum uku Allah ya ba ta. In ta kira kajinta da safe har na maƙwabta sukan amsa, wasu ma ba sa komowa.

Sunan Manyi ta same shi ne ranar da ta haifi tagwaye mata, kamar kowace uwar tagwaye a wajenmu, kuma tun daga ranar ba ta ƙara bari wani ya riga ta magana a kasuwa ba. Kafin tagwayen akwai Demanou, ɗan fari. Bayansu, an ɗauka ta rufe, sai ga Zebaze, auta. Mijinta Tiofack manomin kofi ne, maganarsa ta shekara ba ta cika ƙoƙo ba. Wasu sun ce halinsa ne, mu da muke bayan darni mun san fili ne bai taɓa samu ba.

Kowace shekara Manyi takan ware zakara guda tun yana tsako, ta yi ta ɗura masa masara tana yi masa hira. "Ci, ɗan nema, ci. Kai dai ba ka san Disamba ba."

Disamba kuwa ita ce ranta. Yara sun watse: Demanou yana Duwala yana sayar da kayan gyaran mota, har ya ajiye tumbi, tagwaye suna gidajen aurensu a Yawunde da Bafusam, Zebaze kaɗai ya zauna, yana taya uban gona, yana gyaran babur a bakin hanya. Amma da sanyi ya sauko, raɓa ta fara daskarar da yatsu da safe, sai ka ga motoci suna hawowa suna nishi. Jikokin Duwala, waɗanda ba su san sanyi ba sai a cikin firij, su sauko suna karkarwa, kakarsu ta nannaɗe su da zannuwanta kamar ƙullin alale, ta jera su a bakin murhu. Turmi ya yi ta kuka ana kirɓa gwaza. Tagwaye suna kaɗa miyar manja har ta yi rawaya, suna gulmar mazansu. A kwana a kan buhunan kofi, kai da ƙafa, ba wanda ya ce wuri ya yi kaɗan.

In an taso daga coci sai a zauna a babban ɗaki, a kawo tukunyar zakara gaban Tiofack. Ya sa cokali ya yi ta lalube, kowa ya zuba ido, har ya tsamo ƙundun ya kai baki. Sannan ne hannuwa za su faɗa wa abinci. Ƙundu na maigida ne, yaro ma ya sani. Kazar da aka kawo ba ƙundu, a wajenmu ba a kawo kaza ba.

Da damina Tiofack ya rasu, shiru kamar yadda ya rayu. Bayan an binne shi, tsofaffin abokansa biyu da ya bar wa sirrin magajinsa suka miƙe a gaban dangi. Kowa ya juya yana kallon Demanou, wanda ya yi wa gidan rufin kwano, ya sa wa uban haƙoran roba. Tsofaffin suka wuce shi, suka kama hannun Zebaze, da bakin mai a farcensa, suka zaunar da shi a kujerar uban, suka sa masa hular uban. Daga ranar shi ne uban gida. Yayyensa za su ce masa Baba, uwar da ta haife shi ma ta ce masa maigida.

Demanou bai yi gardama ba, don ba a gardama da mamaci. Abin da aka ji ya ce kawai, yana buɗe ƙofar mota: "Yaron da ya yi mini fitsari a baya."

Manyi ba faɗa take tsoro ba, faɗa abincinta ne. Abin da take tsoro ta gan shi a gidajen da ke kewaye da ita: uba ya mutu, 'ya'ya su ɓata, Kirsimeti ɗaya su ƙi zuwa, ta biyu su manta hanya, ciyawa ta cinye tsakar gida, tsohuwa tana cin gwaza ita da kare. Ita abu ɗaya take so a duniya, ta ga 'ya'yanta huɗu sun sa hannu a tukunya ɗaya.

Sai ta yi dabara. Da Disamba ta zo ta yanka zakaru biyu. Tana fige su tana dariya ita kaɗai, tana jin duk ƙasar nan ba mai wayonta. Da aka zauna, ta ajiye ƙundu ɗaya gaban Zebaze, ɗaya gaban Demanou, ta koma ta harɗe hannu tana jiran yabo.

Baffa Lekane, ƙanen marigayi, wanda haƙori ɗaya ya rage masa kuma shi ma yana sallama, ya dubi kwano ya dubi kwano.

"Manyi, 'yan'uwana nawa suka mutu a gidan nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ɗaya mana."

"To, na ga magada biyu. Ko akwai wani mijin da kika ɓoye mana a rumbu?"

"Lekane, ci abinci. Bakin da ba haƙori bai kamata ya cika surutu ba, iska na shiga."

Amma magana ta riga ta fita. Zebaze ya ture kwanonsa a hankali. "Mama, in zaɓin Baba bai yi miki ba, ki faɗa, in mayar da hular."

Demanou kuwa ya miƙe tsaye, har tumbinsa na rawa. "Ni za ki lallasa da ƙundu, kamar yaron da aka ba alewa don ya daina kuka? Na roƙa?"

Kafin miya ta huce ya tattara matarsa da 'ya'yansa, ana cire musu zannuwan kaka suna kuka, mota ta gangara. Ƙundu biyun ba wanda ya taɓa. Baffa Lekane ne ya ƙulle su a ganyen ayaba ya sa a aljihu, wai kada a yi asara. Yadda ya yi ya tauna su, shi da Mahaliccinsa.

Shekara ta zagayo Demanou bai zo ba. Ya aiko direba da buhun shinkafa da turmin atamfa. Manyi ta tsaya a kan buhun ta ce, "Koma ka tambaye shi, shinkafa na haifa?" Tagwaye ma ɗaya ce ta zo, ɗayar ta ce ciwon kai, alhali kowa ya san ta yayanta take bi. Ran nan turmin gidan bai yi kukan kirki ba.

Daga nan Manyi ta yanke shawara. Ta aika Duwala cewa an daina cin kaza a gidan Tiofack ranar Kirsimeti, wai likita ya hana ta, ko ƙamshin ba ta so. Manyin da ba ta taɓa ganin likita ba sai a kalanda! Demanou ya gane, ya yi kamar bai gane ba, ya zo.

Shekarar nan aka ci alade. Ta gaba aka ci busasshen kifi, ta gaba ma kifi. Mu kuwa me za mu yi in ba tsokana ba? Ana leƙowa ta darni: "Manyi, bana wane kifi ne maigida?"

"Wanda ya fi ubanka hankali. Wuce!"

Ta samu abin da take so, amma kamar wanda ya roƙi ruwa aka ba shi a rariya. 'Ya'yan suna zuwa, ana cika ɗaki, sai dai ba a san lokacin da za a fara ci ba, tunda ba abin da za a jira. Wannan ya ɗebi nasa ya fita gindin ayaba, wancan ya ci a tsaye. Demanou da Zebaze suna gaisawa kamar surukai. Don kada ya ce Baba, Demanou ya daina kiran ƙanensa da kowane suna, sai dai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mai gyaran babur tayata ta yi sanyi." Manyi tana gani, tana ƙara wa miya barkono.

Ana nan wata shekara ta zame a gona, ƙugu ya goce, ta koma dogara sanda. Muryar ma ta rage saura ta mutum ɗaya. Demanou ya zo da wuri a Disambar nan. Da safe, raɓa ba ta bushe ba, ya zaga bayan madafa yana neman wurin da waya ke kamawa, sai ya ji uwarsa tana magana a cikin gonar kofi. Ya leƙa. Tana zaune a kan kututture, ga wani jan zakara ƙato kamar ɗan akuya yana cin masara a tafin hannunta. Ashe ba ta taɓa dainawa ba. Kowace shekara sai ta yi kiwonsa a ɓoye, in biki ya wuce ta kai shi kasuwa.

"Ci abinka," take ce masa. "Kai ka more, ba mai yanka ka. Ni da kai tsufa ne zai kashe mu. Na haifi maza biyu, an rasa wanda zai ci ƙundu a ba ɗan'uwansa lafiya."

Demanou ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya yi gyaran murya.

"Mama, likitan ne ya ce ki riƙa hira da shi?"

Ta zabura. "Na maƙwabta ne! Shigowa ya yi."

"Na maƙwabta? To bari in mayar musu."

Ya tuɓe takalmi ya yi kan zakara. Jama'a, wanda bai ga Demanou da tumbinsa yana tsere da zakara a gonar kofi ba bai ga Kirsimeti ba. Zakara ya bi ta ƙarƙashin reshe, Demanou ya bi ta kai, reshe ya rama. Ya faɗi, ya tashi, wando ya yage. Jikoki suka fito cikin zannuwa suna ihu, duk zakara suke goyon baya. Da numfashi ya ƙare masa, ya dafa gwiwa ya ɗaga murya:

"Zebaze! Kai Zebaze! Tsaya nan kana kallo kamar gunki, tare mini ta can!"

Rabon da ya kira sunan tun ranar hula. Zebaze ya ajiye sifana, ya yi tsalle ɗaya ya danne zakara.

"Yaya, ai ba da tumbi ake kamawa ba."

"Rufe mini baki, riƙe ƙafafun."

Ranar biki Manyi ta kasa zama. Sau biyu tana cewa tagwaye su jefa wa kare ƙundun a ce kyanwa ta ɗauke, suka ƙi. Da aka taso daga coci aka zauna, aka kawo tukunya, ta rasa gaban wanda za ta sa a ajiye, sai aka dire ta a tsakiya. Baffa Lekane, wanda yanzu haƙorin nan ma ya tafi, ya buɗe baki zai yi magana, ta nuna shi da sanda, ya mayar ya rufe.

Demanou ya jawo tukunyar. Ya ɗauki cokali ya shiga lalube. Ya tsamo ƙundun, ya riƙe shi a sama yana kallo, Manyi ta runtse ido. Sai ya miƙe, ya taka har inda ƙanensa yake zaune, ya rusuna iyakar yadda tumbi ya bari, ya sa masa a kwano.

"Baba, ga naka." Ya ɗan tsaya. "Ka tauna a hankali. Ni na koya maka tauna."

Zebaze ya dubi ƙundun, idonsa ya kawo ruwa. Ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye. Sannan ya gyara hular uban, ya kishingiɗa.

"Madalla, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Je ka ɗebo mini ruwa."

Manyi ta damƙe sandarta. Demanou ya kumbura, ya kumbura, sai dariya ta ƙwace masa, ya finciko tsumman tukunya ya jefi uban gida da shi. "Ɗan banzan yaro! Bari biki ya wuce ka gani!" Amma ya je ya ɗebo ruwan.

Hannuwa suka faɗa wa tukunya. Manyi ta buɗe ido ta ƙirga kawuna, huɗu cif, ga jikoki suna ƙwacen fiffike. Muryarta ta da ta dawo mata gaba ɗaya.

"Wace mara hankali ce ta sa gishirin nan? Ku matsa, ku ba ni cinya, ni na yi kiwonsa!"

Kirsimeti biyu ta ƙara gani bayan wannan, kowace da zakaranta. Yau tana kwance a kabarinta kusa da na Tiofack, can bayan gidansu, watakila har yanzu bai samu fili ba. Motar Demanou kuwa ba ta fasa hawowa duk Disamba, ta tsufa, shi ma ya tsufa. Sau ɗaya a shekara yake ce wa Zebaze Baba, a gaban tukunya. Sauran kwanakin duka, "kai yaro" ne.